Geron Inna

Rimin Gado, 9 ga Afrilu

Zuwa ga ƙanwata Ramlat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki Malam Fatihu da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Inna, Ya haskaka kabarinta.

Na san za ki ce wane sabon salo ne wannan, ga waya a aljihu amma na aiko direba da takarda. Maganar ce ba za ta faɗu a waya ba, kunya za ta shaƙe ni.

Kin tuna ƙullin zangarniyar geron da ke rataye a ɗakin Inna? Ranar sadakar bakwai hatsi ya gaza, mata na tsaye a bakin turmi. Matata Zakiyya ta aiko tambaya, ni kuwa 'yan gaisuwa sun cika mini kai, na ce a sauko da shi. Aka sussuka, aka daka gumba. Ramlat, irin Inna ne. Da ni da ke duk mun ci gumbar nan, har na yaba daɗinta.

Shekara arba'in tana shiga gonar bayan gida kafin girbi, tana ɗaura tsumma a kan zangarniyar da ta riga saura nuna, ita kaɗai take ajiyewa iri. Ni mai baki nakan ce Inna ta tafi ɗaura wa gero ɗankwali. Ashe ɗankwalin nan ne ya sa namu yake nuna mako biyu kafin na kowa, daidai lokacin da rumbu ya zama wayam. Shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri ma, kin san gidanmu bai kwana da yunwa ba.

Sai shekaranjiya da na je ɗauko iri na ga ƙusa babu komai. Da na sani ƙeya ce. Na tuna ta ba ki ƙwarya guda lokacin da aka kai ki Gezawa. In akwai saura, ko cikin tafin hannu ne, ki taimaki yayanki.

Ki gaida kowa da kowa.

Naki,
Tasi'u

Rimin Gado, 28 ga Yuli

Autar Inna,

Sallama da gaisuwa. Ya damina, ya ƙafar Malam Fatihu? Da fatan ya samu sauƙi.

Na gode da gwangwani biyun nan, na kuma gode da ba ki yi mini faɗa ba, ko da yake shirunki ya fi faɗan ciwo. Na shuka a ruwan farko. Amma in kin ga gonar sai kin riƙe baki: wani dogo, wani gajere, wani ya fitar da kai, wani ko niyya bai yi ba, kamar taron 'yan kasuwa. Raina ya ɓaci, har na zargi kin haɗa mini da na awo. Ki yafe mini.

Na kira malamin gona Abdulkabir ya duba. Ya ce ba laifinki ba ne. Shekara goma kina shuka shi gab da geron mijinki, iska kuwa tana kwasar bununi daga wannan kai zuwa wancan, saboda haka kowace ƙwaya tana da gadon uwa da na uba. Na tambaye shi ko na Inna ya ɓace ke nan. Ya ce gado ba ya narkewa, ɓuya yake yi ya sake fitowa. Nan take na tuna 'yata Tahira. Ni ba ni da wushirya, Zakiyya ba ta da ita, amma yarinyar nan in ta yi dariya sai ka rantse Inna ce. Sai da na juya baya na share ido.

Ya ce maganin guda ne: in riƙa zaɓen mai saurin nuna kowace shekara, ina shuka shi shi kaɗai. A hankali zai rinjayi sauran, amma sai na yi shekara shida ko fiye. Wato dai abin da tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba take yi ina mata dariya.

Allah Ya ba mu damina mai albarka.

Yayanki,
Tasi'u

Rimin Gado, 21 ga Agusta

Ramlat 'yar'uwata,

Ina gaishe ki da kyau, ina gaida mutan gida. Mu nan lafiya lau, sai kewa.

Gero ya fara nuna. Jiya da safe na bi gonar kunya-kunya, na sami kai talatin da wani abu da suka riga saura, gajeru masu cikar ido, sak nata. Na koma gida neman abin ɗaurawa. Zakiyya ta ce in duba tsohuwar kwallar Inna, wadda ba wanda ya iya buɗewa tun rasuwarta.

Ramlat, tsummokaran suna ciki. Shuɗin zanen nan nata mai ɗigo-ɗigo ne, ta yayyaga shi siri-siri, ta ƙulle wuri guda. Zanen da take ɗaurawa ne har watan da ta kwanta, ke nan da ciwon a jikinta ta zauna ta shirya wa daminar da ba za ta gani ba. Na zauna a kan daɓe na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Na ɗaura su da hannuna. Maƙwabcinmu ya leƙo ta kan darni yana dariya, wai Tasi'u ya koma ɗaura wa gero ɗankwali. Na ci gaba da ɗaurina, kamar yadda ita ma takan yi in na yi mata dariya.

Tsumma guda ɗaya ya rage, ga shi nan cikin takardar. Naki ma ya kusa nuna. Ki shiga da sassafe, ki nemi wanda ya riga saura.

Wassalam.

Yayanki mai ƙaunarki,
Tasi'u