Guɗar Mama Saratu

Lahadi da dare, Tumfure.

Barci ya ƙi zuwa. Yau a coci Rifkatu, yarinyar da ta shigo zumuntar mata bara, ta rera waƙar da ta tsara a kan misalin Yesu na ɓataccen ɗa. Ni fa na koya mata kiɗan tulu! Ko tsakiya ba ta kai ba Mama Saratu ta dogara sandarta ta miƙe, ta rangaɗa guɗa. Shekara da shekaru ina tsara wa zumunta waƙoƙi, tsohuwar nan ba ta taɓa yi mini guɗa ba, sai dai "Sannu Ladi, kin yi ƙoƙari."

Da aka tashi Rifkatu ta rugo wurina. "Anti, yaya kika ji?" Na ce amshin ya yi tsawo. Bai yi ba.

Maigida ya ce ai duk don Yesu ake yi. Sai ka ce ban sani ba.

Ga amshin ya ƙi fita daga kaina: uban yana roƙon babban ɗansa da ya yi fushi ya tsaya a waje, ya shigo gida a yi murnar dawowar ƙanensa tare. Na ji, Ubangiji. Amma yau dai ina waje.