Makin Baba Na Hawa

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Bismillah. Na aika sakamakon wasan eshek na yau, darar nan ta Turawa mai sarki da doki, zuwa Yamai kafin magariba: wa ya kara da wa, wa ya ci. Ƙungiyar ƙasa ce ke lissafa maki ta fitar da jeri a farkon wata. Nawa aikin a Madarunfa shi ne aikawa, kuma ban taɓa rubuta abin da idona bai gani ba.

Baba ya ci Ɗan Azumi mai canji. Haka na rubuta, haka kuma aka yi. Sai dai ina tsaye lokacin da Baba ya tura doki miƙe, kamar jakin da ya hango gida, alhali dokin eshek sai ya karkata. Ɗan Azumi ya dubi dokin, ya dubi ƙasa, ya kwantar da sarkinsa. "Mushe, ka fi ƙarfina." Aka tafa.

Duk waɗanda ke zama gidan matasa ran Asabar ɗaliban Baba ne tun makarantar lekwal, shi ya sa suke ce masa Mushe, wato malam. Shi ya kawo wasan garin nan. Wa zai ci Mushe Illo a bainar jama'a? Da can ba su iya ba. Yanzu ba su so.

Talata, 8 ga Oktoba

Saƙo daga sakataren ƙungiya: wanda ya fi maki a jihar Maradi a jerin Nuwamba shi zai je gasar ƙasa a Yamai. Baba ne a sama. Ɗan Azumi na biye da shi, tazara kaɗan.

Na ajiye wayar cikin kwano na rufe, sai ka ce hakan zai hana wani abu.

Jumma'a, 11 ga Oktoba

Baba ya fita masallaci bai dawo ba. Masunta suka kawo shi daga bakin tabki da la'asar, takalmi ɗaya a hannu. Wai yana jiran yaran makaranta su fito tara. Na yi musu godiya, na ce rana ce ta buge shi. Ranar kuwa ta yi zafi, wannan ba ƙarya ba ce.

Asabar, 12 ga Oktoba

Ya ci Kalebu mai kantin magani. Ya ci Idi tela. Na aika.

Laraba, 16 ga Oktoba

Labarin Yamai ya kai masa. Ya sa na ciro babbar rigar shuɗiya daga adaka na ba wanki. Tun rasuwar Inna ban ga haƙorinsa haka ba.

Na kira sakatare. Na fara da neman gafarar damunsa, na yi ta kewaye-kewaye. Mutumin kirki ne. Ya ce, "Madam Balaraba, maki ba ya sanin tsufa." Ɗan wasa na iya janyewa da kansa, ko likita ya rubuta ba shi da lafiya. In ba haka ba, na sama shi ne na sama. Kuma a Yamai ɗan rakiya ba ya shiga zauren wasa, ba ya kwana masaukin 'yan wasa.

Na hango abin a raina: zaure cike da baƙi, ba ɗalibinsa ko ɗaya. Alƙalin wasa zai tsayar da agogo ya ce, tsoho, doki ba ya tafiya haka. Daga nan ya fito neman makewayi a garin da ke da kogi.

Asabar, 19 ga Oktoba

Na tare Ɗan Azumi a ƙofar gidan matasa, yana kafe babur ɗinsa, ƙurar hanyar Ɗan Issa har gira. Na ce, don Allah yau ka ci shi, sau ɗaya tak, kai za ka hau sama.

Ya ce, "Yaya Balaraba, mi na yi miki? Mutumin da ya kama hannuna ya koya mini rubuta sunana? In ci shi, in bi ta wace hanya in je gida?"

Kalebu na gefe yana dariya. "Ai Ɗan Azumi canji ya iya, ba cin amana ba." Na ce to kai fa? Dariyar ta tsaya. Ya ce uwarsa har gobe in ta yi addu'a a coci sai ta sa sunan Mushe.

Na ce kun san halin da yake ciki. Suka ce Allah ya ba shi lafiya. Suka shiga suka kwantar masa da sarakunansu, ɗaya bayan ɗaya.

Ladabi ne. Na sani ladabi ne. Da ladabin za su sa shi a motar Yamai.

Litinin, 21 ga Oktoba

Na ce Baba mu je Maradi likita ya duba ka. Ya ce, "Wa ba shi da lafiya?" Na ce ko ka bar wa yara Yamai bana. Ya dube ni har na sunkuyar da kai.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Sunana na cikin jerin, can ƙasa ƙarshe. Lokacin da na dawo gida bayan takaba ya koya mini boko da eshek tare, ya kuma yi mini rajista don a ce akwai mace. Ni da aka ba kaka a Gabi, allo kaɗai na sani. Na buga wasa kaɗan na bari.

Wanda ke ƙasa in ya ci na sama, na saman kan yi asarar maki mai yawa. Wannan na sani tun tuni. Yau ne kawai na yarda na sani.

Malaminmu na allo ya ce ko "tir" ba a ce wa mahaifi. Bai faɗi hukuncin wanda ya ga mahaifinsa ya nufi rijiya ba. Ko ya faɗa ina wajen ɗebo ruwa.

Asabar, 26 ga Oktoba

Wasan ƙarshe kafin a rufe jeri. Na rubuta sunana a gaban na Baba, ni zan kara da shi.

Idi ya ce, "Yau mai alƙalami ta sauko fili!" Aka yi dariya. Da aka ga ban ɗaga kai ba, dariyar ta janye.

Ya tura dokin miƙe. Na ce, "Baba, ba nan ba." Na mayar masa da shi gidansa. Na ji wani ya ce subhanallahi a bayana. Na ɗauke masa sarauniya, bai lura ba. Ba a jima ba sarkinsa ya rasa mafita.

Ba wanda ya tafa. Ɗan Azumi ya tashi ya fita.

Baba ya daɗe yana kallon allon wasan. Sannan ya ɗago, fuska a sake, ya ce, "Madalla! An daɗe ba a ba ni wasa ba. Baiwar Allah, 'yar wane ce ke? Wa ya koya miki?"

Na ce wani malami ne.

Na aika sakamakon. Na yi magariba a makare.

Jumma'a, 1 ga Nuwamba

Jeri ya fito. Ɗan Azumi a sama, Baba na biyu. Matar Idi ta wuce ni a bakin famfo ba sallama. An ce a kasuwa ana cewa na ci ubana saboda suna.

Rigar ta dawo daga wanki. Bai tambaye ta ba. Yamai ma bai ambata ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Da safe ya san ni. Ya kira sunana, ya ce kunun ya yi ruwa. Da hantsi ya ce, "Balaraba, matar nan da ta ci ni, ba ta ƙara zuwa? Ki aika a ce ina gayyatarta."

Na ce ta ce za ta zo bayan la'asar.

Ban san yadda maganar ta fita ba. Astagfirullah. Ba wani abu ba ne, don dai ya ci abinci ne. Na ari lulluɓin maƙwabciya, kore, wanda bai taɓa gani a jikina ba. Zan fita ta baya in zagayo in yi sallama daga ƙofar gida.