Layar Da Aka Tsinta A Kan Tabarma Tawa Ce

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu zuwa ga mai kula da wannan shafi, da dukan ƴan'uwa masu karantawa. Ina fata kuna lafiya, ku da iyalanku. Don Allah kada a buga sunana ko sunan garinmu, domin mu masu bi a wannan yanki ba mu da yawa, ko tari mutum ya yi an san muryarsa. Iyakar abin da zan iya faɗa, muna zaune tsakanin Konni da Malbaza. Sunan da za ku gani a ciki ma na sauya shi. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina, bai kuwa rage mini komai ba. Shawara nake nema.

Ni matar mai bishara ce. Maigidana yana aikin allura a asibitin mishan, ran Lahadi da rana kuma ya hau kekensa ya shiga ƙauyuka wa'azi. Iyayena Musulmi ne, manoma, can wajen Bazaga, ni kuwa shekara tara ke nan da na karɓi Almasihu, kuma Allah shaida ba don miji na karɓa ba, da zuciyata na karɓa. To amma na binne ƴaƴa biyu. Ta fari ƙyanda ta ɗauke ta, na biyu gudawa ta kama shi wajen yaye, kwana uku ya tafi. Da na haifi na uku, namiji, Innata ta zo yi mini wankan jego. Ranar da za ta koma gida sai ta kwance bakin zanenta ta fito da wata ƴar laya ta jan fata, ba ta kai ɗan yatsa ba. Ta ce, "Ɗiyata, ni ban hana miki addininki ba. Amma wabi ya kama ki. Ɗaura mishi wagga ga ƙugu, babu mai gani." Na ce, "Haba Inna, mu ba mu yin haka." Ta dube ni ta ce, "To, ki shirya bizne na ukku." Ƴan'uwa, wace uwa ce za ta ji wannan magana ta ƙi karɓa? Na karɓa. Na ɗaura masa a ƙarƙashin riga. Ranar awo a asibiti in cire in ɓoye cikin tukunyar daddawa, in mun dawo in mayar. Da baki ina addu'a, da hannu ina lalubar ƙugun yaro in ji ko tana nan. Haka na yi wata biyar, ko maigidana bai sani ba.

Kowace Alhamis muna zumuntar mata a gindin dogon yaron da ke bayan majami'a. Mukan shimfiɗa babbar tabarma guda mu zuba jarirai a kai, mu yi waƙa da karatu. Wata Alhamis, wata bakwai da suka wuce, an tashi kowa ta goya nata, matar Fasto, wadda muke kira Uwargida, ta sunkuya za ta naɗe tabarmar, sai ta tsaya. Ta ɗago da abu a hannunta ta ce, "Wa ad da wagga?" Na kai hannu baya na taɓa ƙugun ɗana a cikin goyo, sai zare kawai, ya tsinke. Wayyo ni! Na ji kamar in nutse cikin ƙasa. Jarirai biyar ne suka kwanta a tabarmar nan, amma ido bai je kan uwaye huɗu ba, duk ya tafi kan mutum ɗaya.

Zan kira ta Habsu. Maƙwabciyata ce, danga ɗaya ta raba mu. Daga wajen Tajaye take, shekararta ɗaya da rabi kawai da baftisma a lokacin, mijinta lebura ne a wurin siminti na Malbaza. Saboda bangaskiyar nan ubanta ya ce kada ta sake taka masa zaure, ko sunan ɗiyarta babu wanda ya zo daga gidansu. Ita ce sabuwa, ita ce ba ta iya karatu ba, don haka ita aka duba. Ta ce, "Ba tawa ba ce. Ni nawa da hannuna na ƙone su ranar da anka yi mini baftisma, kuna tsaye." Sai Uwargida ta juyo gare ni ta ce, "Matar Malam, ke ce kusa da ita. Kin taɓa ganin wani abu?" Me ya hana ni in ce ban gani ba? Kalma uku ce fa, kuma da maganar ta mutu a nan, a ce ba a san mai ita ba. Amma tsoro ya ce mini in ba a sami mai ita ba za a ce kowa ta kwance goyo, a ga zaren. Sai na ji bakina yana cewa, "Kamar na taɓa ganin wani jan abu ga ƙugun ɗiyarta, amma ban tabbata ba." Kun ji wayon banza? Na soke ta, na kuma bar wa kaina ƙofar fita. Habsu ta dube ni, ta gyara goyonta ta tafi gida.

Dattawan ikilisiya suka zauna. Suka ce ba layar ce ta fi ɓata musu rai ba, musun da take yi ne. Aka sa ta ƙarƙashin horo sai ranar da ta amsa laifinta: ba ta cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a sujada, ba ta waƙa cikin mata, ba ta ɗaura zanen zumunta, wurin zamanta benci na ƙarshe bakin ƙofa. Layar kuma aka ƙone ta a gabanmu. Ina kallon fatar tana murɗewa cikin wuta na fashe da kuka, mata suka riƙa rarrashina, wai ga mai tausayin ƴar'uwa. Ina! Ni ɗana nake yi wa kuka, na ɗauka ba zai kai mako ba. Ga shi nan yau yana gudu a tsakar gida yana korar kaji, ko mura mai ƙarfi bai yi ba tun ranar. Ashe a banza na sayar da mutuncin baiwar Allah, a kan abin da ba ya tsare kowa.

Na yi zaton za ta yi fushi ta daina zuwa, in ce ma gaskiya na so hakan, don in huta da ganinta. Ko Lahadi ɗaya ba ta fasa ba. Tana zuwa kafin a buga ƙarfen shiga sujada, ta zauna a bencinta, rana tana dukan ƙafafunta ta bakin ƙofa. In ana raba gurasa da ƙoƙo mai rabo ya wuce ta, sai ta sunkuyar da kai tana motsa baki. Ni kuwa ina gaba, in miƙa hannu in karɓa in haɗiye. Kuma ba ta daina gaishe ni ba! Da safe ta leƙo ta kan danga, "Yaya, an tashi lahiya? Ina ɗan nawa?" Bana da hatsi ya yi wuya, kowa yana ɓoye ƙwaryarsa, ita in ta dama fura sai ta miƙo wa yarona. Da ta zage ni da na ji sauƙi. Da ta tare ni a rijiya ta ci mutuncina gaban mata, da na sami abin riƙewa in ce ai ga halinta. Ba ta ba ni ko wannan ba.

Sai ga abin da ya ƙarasa ni. Wata uku da suka wuce aka zaɓe ni shugabar zumuntar mata. Kun san dalilin da Uwargida ta bayar? Wai ni ce mai gaskiyar da ba ta rufa wa zunubi asiri ko da na maƙwabciyarta ne. Aka tafa mini. Aka kuma ce darasin da zan riƙa bi da mata har ƙarshen shekara shi ne halin kirki na mace mai bi. To fa! Kowace Alhamis ina tsaye gindin itacen nan ina koya musu cewa halin kirki ba zane ba ne da ake ɗaurawa ran Lahadi a tuɓe ran Litinin. Ina ce musu wanda yake na Almasihu sabon mutum ne, sunan da Ubangiji ya kira mu da shi ya fi na gidan ubanmu, kuma abin da mace take yi inda babu ido shi ne ainihinta. Bakina yana da daɗi, na sani, har wasu suna share hawaye. Ina faɗa ina jin maganar tana dawowa tana marina. To ni wace ce inda babu ido? In sabuwar halitta ce ni, wace ce ta yi magana a bakin tabarmar nan? Shekara tara ina karatu, na haddace ayoyi sun fi a ƙirga, wadda ba ta san baƙi ko ɗaya ba tana zaune a bakin ƙofa tana aikata abin da nake karantawa. Ina durƙusawa in yi addu'a, da na ce "Ya Uba" sai fuskarta ta tsaya mini. Na roƙi gafara ya fi sau ɗari, amma yaya zan ce a yafe mini abin da har yanzu wata ce take ɗauke da shi a kanta?

Na gwada gaya wa maigidana. Ran nan yana ba tayar kekensa iska na tsaya kansa na ce, "Malam, in mutum ya yi ƙarya ta cuci wani, ya tuba tsakaninsa da Allah, ya isa?" Bai ko ɗago ba ya ce, "Bai isa ba. Inda ya yi ta, nan zai koma ya warware ta. Wa ya yi?" Na ce tambaya ce daga zumunta. Ya yi dariya ya ce, "Ni dai na gode wa Allah da ya ba ni matar da ba ta sa ni jin kunyar tsayawa gaban mutane." Ya hau kekensa ya tafi. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado. Na san ƙa'idarmu: in aka sami irin wannan a gidan mai bishara, shi ma sai an zaunar da shi daga wa'azi. Mutumin da ke tuƙa keke cikin rairayi har ƙauyukan Illela, ana yi masa dariya yana haƙuri, a ce masa a ƙarƙashin rufinsa aka yi wata biyar ana ɓoye laya?

Shekaranjiya Talata da hantsi ina surfe, Habsu ta shigo. Ta ɗauki ɗaya taɓaryar ta kama mini. Can ta tsaya ta ce, "Yaya, na gaji. Ran Jibi mai zuwa zan tashi in ce tawa ce." Na ajiye taɓarya. Ta ce mijinta ya daina zuwa sujada tun wata biyu, ya ce ba zai zauna inda ake wulaƙanta matarsa ba, kuma in Kirsimati ta zo ba a ɗage horon ba, ya bar ikilisiya ke nan har abada. Ta ce, "Ni ban da gidan uba, Yaya. In nan ma ya ɓaci, ina za mu? Kuma ina marmarin Jibin nan, kamar mai azumi." Ni, ni da bakina, na ce mata, "Habsu, ai ƙarya ce za ki yi a gaban Allah." Ta ce, "Shi ya san ba tawa ba ce. Mutane ne ba su sani ba, su zan ba abin da suke so." Sannan ta ce, "Wadda ad da ita ma ina yi mata addu'a kullum. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Duk wadda ta ɗaura wannan abu, ta taɓa bizne ɗa." Ba ta dube ni ba da ta faɗi haka, ɗana take kallo yana wasa da tsaki a gindin turmi. Ta sani ne? Ba ta sani ba ne? Tun ranar nake juya maganar.

Ga al'adarmu kuwa, in mace za ta amsa laifi a gaban ikilisiya, shugabar mata ce take fitowa da ita, ta riƙe mata hannu, in ta gama ta yi mata addu'ar neman gafara da ƙarfi kowa yana ji. Wato ni. Kafin ta fita ta ce, "Ki koya mini yadda zan hwaɗi, kin san ni da rawar baki. In kina riƙe da hannuna ba zan ji tsoro ba."

Saura Lahadi huɗu. Na rubuta wannan takarda a ɓoye, zan ba wata mata mai zuwa kasuwar Konni ta jefa mini a gidan waya, ban ma san ko amsarku za ta iso ni kafin ranar ba. In na yi shiru, Habsu za ta koma cin Jibi, mijinta ya dawo, maigidana ya ci gaba da wa'azinsa, kowa ya ji daɗi, ita kuma ta mutu da sunan mai laya maƙaryaciya. In na yi magana, na rushe aikin mijina, wataƙila da aurena, kuma matan da nake koya wa ba za su sake yarda da bakin kowa ba. In fara zuwa wurinta in durƙusa? In ta ce in rufa wa kaina asiri fa, don na san za ta iya, in karɓi wannan ma daga hannunta? In fara da Malam? Ko in bari sai mun tsaya a gaban jama'a, kafin ta buɗe baki in riga ta?

Ƴan'uwa, ku yi mini addu'a, amma kada ku tsaya ga addu'a kaɗai, ku ba ni amsa. Gobe da safe za ta shigo in fara koya mata kalmomin da za ta amsa laifina da su. Me zan yi?

Taku cikin Ubangiji,
wata ƴar'uwa da ba ta cancanci sunan ba.