Laifin Auta, Sunan Shiru-shiru

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwar da ta wajaba a kan ƙanwa ko da ranta a ɓace yake, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen gida. Yaya ciwon gwiwar? Na tambaya ne don haka Inna ta hore mu, ba don na huce ba.

Takarda na rubuto saboda ka daina ɗaukar wayata. An ce mini yanzu ko ƙararta ka ji sai ka zabura, wai ka gano cewa duk abin da mutum ya yi a waya akwai mai gani. Barka da sani. Mai shagon ƙofar gidanka zai miƙa maka wannan, shi dai ba ya leƙa saƙon mutane.

Jiya na karɓo belin Shiru-shiru daga hannun 'yan sanda. Kada ka yi kamar ba ka san ta ba. Ita ce yarinyar da na haɗa kwamfuta ɗaya da Autanka a ajina, lokacin da ɗalibai suka fi kwamfutoci yawa. Tare suka koya, tare na rubuta musu takardar shaida, tare kamfanin manhajar kiran tasi ya ɗauke su a sashen da ke duba koke-koken fasinjoji. Teburinta na jikin nasa. Ranar da suka fara aiki na yi ta rawar jiki kamar ni aka ɗauka, kai kuma kana mini dariya kana cewa Uwar Iyayi ta samu abin faɗa.

Ga abin da ake tuhumarta da shi. Wai ta buɗe asusun wani fasinja ba tare da ya kawo koke ba, ta kwashi bayanin wuraren da yake zuwa, ta fitar waje. Fasinjan kuwa shi ne mai zanen gidajen nan da ke neman auren 'yarka. Kai ka tsaya gaban kawunnansa kana lissafo musu yadda yake zarya wani asibiti kowane mako, ka ce ba za ka ba mai ɓoyayyen ciwo 'yarka ba. Ashe mahaifiyarsa yake kaiwa wankin ƙoda. Auren ya watse, shi kuma ya kai ƙara, don mutum ba ya sanin irin wannan sai an leƙa masa. Da kamfani ya bincika, sunan Shiru-shiru ya gani, domin ta kwamfutarta, da sunanta, aka buɗe asusun. Da 'yan sanda suka zo gare ka, sai ka ce ai ita ta kawo maka labarin don kanta, wai tana ƙyashin 'yarka.

Yaya, ka ji tsoron Allah. Yarinyar da ko gaisuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji, ita ce za ta tako har falonka da gulma?

Na san gaskiya, kuma daga bakin ɗanka na ji. Ya zo ajina bayan an tashi, ya zauna a tsohuwar kujerarsa yana wasa da linzamin kwamfuta. Da farko tambayata ya yi ko na'ura tana mantuwa. Na ce masa ba ta yi. Sai ya kifa kai a tebur. Ya ce ka matsa masa har da cewa in bai duba maka ba to bai san darajar uba ba. Ya ji tsoron shiga da sunansa, sai ya jira ta tafi salla ta bar kwamfutarta a buɗe, ya zame kan kujerarta.

Ka kawo shi ya faɗi wannan da bakinsa tun ba a shiga kotu ba. Lauyan da na samo mata ya ce wanda ya kai kansa ba ɗaya yake da wanda aka kamo ba.

Ka gaida matarka.

Ƙanwarka,
Uwar Iyayi, kamar yadda kake kira na.

*

Zuwa ga Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan ka tashi lafiya, kuma muryarka ta dawo bayan ihun da ka yi mini a taron dangi.

Tun da ba ka bar ni na ƙarasa magana ko ɗaya ba a can, bari in ƙarasa a nan, inda ba za ka iya buga sanda a ƙasa ka katse ni ba.

Ka ce laifina ne, ni na koya wa yara zama biyu-biyu a kwamfuta ɗaya. Kujera na ce su raba. Tambayi Auta abin da ke rubuce a saman allon ajina tun ranar da ya fara zuwa: kalmar sirri kamar buroshin haƙori take, ba a aro, ba a bayarwa. Har waƙa suka mayar da ita suna tsokanata. Shiru-shiru ta yi sakaci da ta tashi ba ta kulle ba, na faɗa mata a fuskarta, kuma aikinta ya riga ya tafi a kan haka. Amma wanda ya manta ƙofarsa a buɗe daban, wanda ya shiga ya ɗauka daban.

Ka ce a kashe maganar a gida. Har kun shirya tawaga, kai da Baffa, za ku je ku ba mai zanen gidaje haƙuri ya janye. Ku je, haƙurin ya cancanta, da ma tun tuni ya kamata. Sai dai lauya ya yi mini bayani dalla-dalla, ni ma bari in yi maka, tun da koyarwa ce sana'ata. Maganar ta fita daga hannun mutumin nan. Kamfanin ma ƙara yake yi, don amanar dubban fasinjoji ke wuyansa, kuma ita hukuma ba ruwanta da sulhun falo. Ma'aikacin da aka ba mabuɗin asusun mutane don aiki, in ya buɗe don wata buƙata tasa, laifi ne ko da bai ɗauki ko tsinke ba. In ya fitar da abin da ya gani, laifi na biyu. In ya shiga da sunan wani, na uku. Ana ɗauri a kai, kuma ko ya fito ba mai sake ba shi amanar ko da lambar wayar mutum. Lauyan ya ƙara da cewa wanda ya sa aka yi shi ma yana cikin lissafi. Na ga kamar wannan zai fi shiga kunnenka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne aiken da ka yi wa mahaifiyar yarinyar. Matar da ke zaune bakin keken ɗinki tun safe har idonta ya dushe, ka tura a ce mata 'yarta ta amsa laifi kawai, ai mace ce za a tausaya mata, in ta fito kai za ka nema mata aiki. Ta zo ajina da zare maƙale a mayafinta, ta tambaye ni ko haka ake yi. Ban taɓa jin kunyar sunan gidanmu irin ta ranar ba.

Ka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wa ya fi ni sanin Auta hannuna ne? Ni na goya shi lokacin da uwarsa ke kwance. Ni na kama yatsunsa na ɗora a kan madannai. In na rufe ido ina ganinsa yana tsalle ranar da manhajarsa ta farko ta yi aiki, yana ihun in zo in gani. Kai ka ɗauki wannan hannun ka tsoma a wuta, don kawai ka ƙi zama ka tambayi manemin 'yarka tambaya ɗaya tak: me kake zuwa yi asibiti? Ita kuma 'yar taka, an ce ta daina fitowa cin abinci tare da ku. Ka tambaye ta ita ma?

Lauya ya sa sunana cikin masu ba da shaida. Ban ɓoye maka ba.

Ƙanwarka.

*

Yaya,

Gaisuwa a taƙaice, don na ji ka ce ba ka da ƙanwa. To, ni ina da yaya, ina kuma fatan yana lafiya.

Labari ya iso ni cewa ka sayo wa Auta tikitin mota, zai tafi wajen abokinka har ƙura ta lafa. Wannan ƙurar ba mai lafawa ba ce. In ya gudu, ka ƙara masa laifi a kan laifi, ka kuma koya masa cewa in mutum ya shafa wa wani kashin kaji sai ya wanke hannu ya kama hanya.

Shiru-shiru tana zuwa ajina kullum yanzu, don zaman gida ya gagare ta, maƙwabta sun sa ta a baki. Tana zama a baya tana goge allunan kwamfuta da ba su da ƙura. Ban faɗa mata abin da Auta ya faɗa mini ba, amma ba wawiya ba ce, ta san wanda ke zaune kusa da ita. Na tambaye ta me ya hana ta ambaci sunansa gaban 'yan sanda. Ta ce ba ta gani da idonta ba, kuma shi ne ya riƙa raba abincinsa da ita a lokacin da ba ta da ko kuɗin mota. Ka ji wadda ka kira mai ƙyashi.

Gobe kotu za ta zauna. In aka kira ni, zan rantse in faɗi abin da kunnena ya ji, da sunansa da naka. Na yi kuka a kan haka har na gaji, ba sai ka aiko Baffa ya tuna mini zumunci ba. Zumuncin ne ya sa nake gaya maka tun yau.

Na aika wa Auta saƙo ɗaya, ban roƙe shi komai ba. Na ce masa zan zauna a layin gaba, in ya zo akwai wuri kusa da ni.

Wadda ka ce ba ka da ita.

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka. Yaya jikin? An ce hawan jini ya kwantar da kai. Allah ya ba ka lafiya, da gaske nake.

Tun da ba ka je wancan zaman ba, ba ka kuma je zaman yanke hukunci ba, bari in ba ka labari, kada ka ji a bakin 'yan unguwa da ƙari.

Ɗakin kotun ƙarami ne, fanka ɗaya ke aiki. Shiru-shiru na tsaye a akwatin waɗanda ake tuhuma, ta riƙe katakon da hannu biyu. Mai zanen gidaje na gefe, bai kalli kowa ba. Ana shirin kiran sunana sai na ji an zauna kusa da ni. Autanka ne, da jakar tafiyar da ka haɗa masa a kafaɗa. Daga tasha yake. Ya ce mini, “Gwaggo, riƙe mini jakar nan.” Ya miƙe ya ɗaga hannu kamar yana aji.

Alƙali ya tsawata masa, aka ɗage zaman, aka shiga da shi wani ofis tare da lauyoyi. A can ya faɗi komai: ranar, kujerar, abin da ya buɗe, abin da ya kwafa. Ba a ƙara buƙatar shaidata ba. An sallami Shiru-shiru. Mahaifiyarta ta durƙusa a barandar kotu tana godiya ga Allah, sai da muka ɗaga ta.

Abu ɗaya ne bai faɗa daidai ba. Da aka tambaye shi wa ya sa shi, sai ya ce, “Ba wanda ya sa ni. Ni na kai wa mahaifina, bai san inda na samo ba.” Lauya ya ja shi gefe ya nuna masa cewa in ya faɗi matsin da aka yi masa za a iya sassauta masa. Ya ƙi. Ni ma na yi masa magana, na ce ƙarya ce ko don wa aka yi ta. Ya ce ya sani, amma gwiwarka ba za ta iya kwanan siminti ba.

An yanke masa ɗauri. Ba mai tsawo ƙwarai ba, in ji lauya, amma aikin da ya ƙware a kai ya rufe masa ƙofa. Yaron da kamfanoni ke zawarci. Ƙaryar da ka yi wa 'yan sanda kuma tana nan a rubuce, ban san ranar da za su waiwaye ta ba, ba kuma zan yi maka alkawarin komai a kai ba.

Shiru-shiru ba ta koma kamfanin ba, ba su neme ta ba. Na ba ta ajin ƙanana. Ranar farko na leƙa ta taga, na ga ta sa kowane yaro ya tashi ya kulle kwamfutarsa, ya zauna, ya buɗe, ya sake tashi ya kulle, har suka fara ƙorafi. Ashe tana da murya.

Na je wajen Auta. Sun aske masa kai, ya rame, amma yana kallon mutum cikin ido, abin da ya daina yi tun da wannan abu ya faru. Bai tambaye ni aiki ba, bai tambayi abokansa ba. Cewa ya yi, Baba yana shan maganinsa kuwa? Na ce masa ban sani ba, don ni ba a buɗe mini ƙofar gidanka.

Jakarsa tana wurina, da tikitin a aljihun gaba. Ban taɓa komai ba.

Ranar ziyara Asabar ce. Zan biyo ta ƙofar gidanka da safe, in tsayar da mota a bakin shago. Ba zan shigo ba, ba zan yi maka wa'azi a hanya ba, ko rediyo ba zan kunna ba. Akwai matakala a ƙofar gidan yarin, ka zo da sandarka. In kuma ba ka fito ba, zan tafi ni kaɗai, amma in ya sake tambayata labarinka, gaskiya zan faɗa masa.

Ka gaida matarka, ka gaida 'yarka in tana amsa maka.

Ƙanwarka, ko ka so ko ka ƙi,
Uwar Iyayi.