Ramin Gindin Lemo

Yaya Abdulwahab,

Kada ramin gindin lemo ya tsorata ka, ni da Inna muka haƙa. Da hantsi muna kallon tsohon fim ɗin ɗan sandan cikin nan mai barkwanci, inda aka kashe attajiri saboda dukiyar da ya binne. Sai Inna ta miƙe, wai marigayi Baba ma ya binne wani abu. Gwangwani muka tono, da makulli da takardar ajami a ciki. Na kasa karantawa, na tafi unguwar Limawa wurin Kawu Isah ya karanta mana.

Don Allah lallaɓa Inna ta ci abinci. Kaina ya ɗaure. Makullin bai buɗe komai a gidan nan ba, amma ta ƙulle shi a bakin zaninta, wai ta san ƙofar.

Najwa