Ranar da Nas Ta Daka wa Baban Hafsa Tsawa

Daren Laraba, Karshi

Alhamdulillahi, yau hankalina ya kwanta. Tun da Baban Hafsa ya ajiye kakin sojan sama ya koma tuƙa jirgin ɗaukar marasa lafiya nake fargabar ba zai jure ba. Mutumin da ya saba a sara masa, ga shi yanzu likita ke cewa a tashi ko a jira.

Yau ya fara ɗauko mara lafiya, wata mai jego da jini ya ƙi tsaya mata. Da ya dawo na kasa tambayarsa, don a da ko inda ya je ba ya faɗa. Sai na ga yana cin tuwo yana murmushi shi kaɗai, can ya shiga ba ni labari da kansa.

Wai da suka doso Abuja ya karkata jirgin yadda ya saba a soja, sai nas ɗin da ke kula da mai jegon, yarinya sa'ar Hafsa, ta daka masa tsawa: "Oga, a hankali! Ba bam ka ɗauko ba, 'yar mutane ce!"

Na ce, "To me ka ce mata?"

"Me zan ce, Hajiya? Na ce an gama, ranki ya daɗe."

Ban so na yi wa mijina dariya ba, amma ta kufce mini, Allah ya yafe. Matar kuma ta farfaɗo, har ta nemi a miƙo mata jaririnta.

Ya ce in tashe shi kafin asuba, akwai wani dattijo da za su ɗauko. Da kansa ya goge rigar gobe.