Gudumarka Tana Jakata

Baban Rifkatu,

Ina gaishe ka, ko da yake na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Idin Bukkoki na Yahudawa ya zagayo, ni kuwa har yau zuciyata tafasa take yi.

Ka tuna shekarar da ka kama aikin gadi a majami'ar Yahudawa ta unguwar Flatbush, a nan ƙasar waje? Matar malaminsu ta sa ka kafa bukka a bayan gini, ko za ta jawo matasan iyayen da suka daina zuwa. Kai kuma ɗan Zonkwa, ka rufe ta da kwano tsaf. Ta yi dariya har da hawaye, ashe tasu bukkar da ganye ake rufewa, sai an hango sama ta ciki. Ka dawo kana mita, wai ba ka taɓa ganin masu son ɗaki mai yoyo ba. Amma yara sun cika wurin, kana ɗaga su ɗaya-ɗaya suna rataye tuffa.

Bara, da rana tsaka, wasu samari suka tsallako katanga da ƙarafa da kwalabe. Iyaye suka kwashi 'ya'yansu suka yi ciki. Kai me ya tsayar da kai? Addininka ne, ko danginka? An ce ka tare ƙofa har yaron ƙarshe ya shige. Sun fasa maka kai, sun kakkarya haƙarƙarinka, ka daina motsi ma ba su daina tattaka ka ba. Da takalminka na gane ka a asibiti. Na ji haushinka, wallahi, kamar yadda na ji nasu.

An saki ɗayansu, wai babu shaida. Ina ganinsa a tashar bas yana dariya. Tun ranar gudumarka take jakata, har coci nake zuwa da ita. Na san inda zan sauke masa ita, nan bayan kunne. Rifkatu ta gan ta. Shi ya sa in mun fita takan damƙe hannuna na dama da hannayenta biyu. In aka ɗaure ni, wa zai riƙe ta a garin nan?

Ranar Lahadi matar malamin ta zo. Iyaye sun tsorata, bana ba mai kafa bukka, katakon yana nan yashe inda ka faɗi. Ni da Rifkatu muka bi ta majami'ar, na kama kafa bukkar. Na yi ta dukan ƙusa har katako ya tsage, don fuskar yaron nake gani. Ba wanda ya hana ni. Da na ɗago kai, wani uba yana riƙe mini tsani, jaririyarsa a ƙirji.

Ban yafe ba, kada ka roƙe ni. Amma na bar gudumar a wurinsu, Rifkatu kuma da kanta ta saki hannuna a hanyar gida.

Ka huta lafiya.

Taka har gobe,
Maman Rifkatu